Yatsun Baba Bitrus

Ku da kuke zaune kuna latsa waya kuna cewa gyaran kwamfuta ba wani abu ba ne, a kalli bidiyo a kwaikwaya, to madalla, Allah ya ba da sa'a. Amma ku ɗan kife wayoyin nan in ba ku labarin wani aiki da na yi wanda babu bidiyonsa.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan shi ne matse kan kebul. Ina saurayi lokacin, na shigo Abuja da jaka ɗaya, wani ɗan garinmu ya kai ni wani kamfanin kwamfuta a Garki. Sunan kamfanin ba zai amfane ku ba, ya mutu tun kuna firamare. Bene ne, a ƙasa muke haɗa kwamfutoci, mu kai wa ma'aikatu, mu ja musu waya daga ofis zuwa ofis. Wanda ya koya mini aiki shi ne Injiniya Mustafa, wani dogon Bakatsine da ba ya dariya sai an tashi daga aiki. Ya miƙo mini kebul da fulayar matsewa, ya ce in fere, in jera siraran wayoyin nan na ciki bisa launinsu, in matse. Na yi, na miƙa masa ina wani hura hanci. Ko kallo bai yi ba, ya sa almakashi ya datse, ya ce, "Sake." Haka muka yi ta yi har kebul mai tsawon ɗaki ya koma tsawon zariyar wando. Sai da yamma ya gaya mini cewa tun na farkon daidai ne, so yake hannuna ya haddace.

A hannunsa na koyi riƙe ƙarfen dalma ba tare da na ƙona allon inji ba, na koyi auna wuta da mita kafin in taɓa komai, na koyi rarrafe a cikin silin da tocila a baki, ɓeraye suna wucewa ta kan ƙafata. Ku yanzu abu ya lalace sai ku ce wa mai shi a sayo sabo. Mu a lokacin in ka faɗi haka, Injiniya zai tambaye ka to kai meye amfaninka.

Akwai ranar da mai kamfanin ya dawo daga tafiya da wata 'yar na'ura a kwali, bai fi girman faranti ba. Na'urar dangwala yatsa ce, don kama masu makara. Ni da Injiniya muka kafa ta a bangon risafshan, muka ja mata wuta daga wani ƙaramin faifan sola da batirin da ke kunna fitilar get, don kada ɗaukewar wuta ta shafe ta. In ka ɗora yatsa ta gane ka, sai koren haske ya kama, sunanka ya fito, wata muryar mace ta ce "tankiyu". In ba ta gane ka ba, ja ne, ta ce ka sake.

To ga inda gizo ke saƙa. Rabin ma'aikatan kamfanin a Nyanya da Karu da Mararaba muke kwana, ni a Jikwoyi. Wanda ya san gosulon hanyar nan da safe ya san ko ka fito da kiran sallar farko ba ka da tabbas. Shi oga a cikin gari yake, bai san wannan ba, ko ya sani ya yi kamar bai sani ba. Na'urar kuwa tana karɓar yatsa fiye da ɗaya ga kowane suna, saboda ko mutum ya yanke. Sai aka duba aka ga akwai mutum ɗaya da ba ya taɓa makara, domin a nan yake kwana: mai gadinmu, Baba Bitrus, mutumin Kudancin Kaduna. Aka kira shi, kowa ya zaɓi yatsa guda a hannunsa aka sa a ƙarƙashin sunansa. Kada ku zaro mini ido, ofisoshi da yawa haka ake yi har gobe. Babban yatsansa na dama na Injiniya Mustafa ne. Ƙaramin na hagu na Madam Ladi ce, mai risafshan. Ni manuninsa na hagu na samu. Kafin wata ya ƙare yatsun Baba goma duk sun yi masu su. Kullum da safe zai share bakin get, ya wanke hannu, ya shiga ya dangwala mu ɗaya bayan ɗaya, mu kuwa muna can muna gumi a cikin bas. Mu kan zo masa da ƙosai ko biredi, yana tsokanarmu yana cewa shi kaɗai ne ma'aikacin kirki a gidan, tunda shi mutum goma ne.

Sai muguwar shekara ta zo. Dala ta tashi, kayan haɗi suka gagara, ma'aikatu suka daina ba da kwangila, kowa ya koma sayen tsohon laftof na tokumbo. Masu hannun jari suka fara faɗa a tsakaninsu har ta kai su kotu. Wata rana da hantsi muna cikin aiki aka zo aka ce kowa ya fita, ana rufe ginin sai an gama shari'a. Na bar kwamfuta a buɗe a kan tebur, sukundirebana a cikinta. Aka bar Baba Bitrus ya ci gaba da gadi. Muka watse. Ni na yi yawo da jakar kayan aiki ofis-ofis kafin Allah ya ba ni wannan shagon na Wuse. Shekaru suka yi ta tafiya, ban sake bi ta layin nan ba, domin ba na son ganin wurin.

Bara waccan ina zaune a nan ina canja sikirin, sai ga wata mata ta tsaya a bakin ƙofa tana tambayar Oga Sabi'u. Na ce ga ni. Ta ce ita ce Rifkatu, 'yar Baba Bitrus, tana sayar da atamfa a cikin kasuwa, da ƙyar aka yi mata kwatancena. Na yi salati, don wallahi na ɗauka tsohon ya daɗe da komawa gida. Ta ce yana nan inda muka bar shi. An gama shari'a, an sayar da ginin, sabon mai shi zai rushe ya gina otal, masu rusau suna zuwa cikin makon. Ta gyara masa ɗaki a gidanta a Jikwoyi, amma ya ce ko a kansa za a rushe ba zai fita ba. Ga hawan jini, ya taɓa faɗuwa ya kwana a ƙasa ba wanda ya sani.

"Me ya riƙe shi?" na ce.

"Wani mashin ne a bango," ta ce. "Ya ce akwai mutane a ciki. Oga, ni na gaji. Fasto ya je, 'yan'uwa sun je. Ku kuka sa abin nan, don Allah ka zo ka cire."

Washegari da safe muka ɗauki tasi. Layin ya canja, an yi filaza hagu da dama, sai gininmu kaɗai a tsakiya ya yi baƙi. Allon sunan yana nan, haruffan sun zube, amma inda suka zauna ya fi sauran haske, har ana iya karantawa. Inda muke ajiye motoci ya zama gona da aka daina nomawa, busassun karan masara a tsaye, ciyawa ta kai gwiwa. Motar kai kaya tana nan a kan duwatsu, wata bishiya ta tsiro ta tagarta.

Baba ya buɗe get. Ya tsufa ƙwarai, ya ranƙwafa, idonsa ɗaya ya yi fari. Na miƙa masa hannu, sai ya ja da baya ya ɗaga hannayensa sama. Safa ce a kowane hannu, irin ta ƙafa, ya zura har wuyan hannu.

"Ba na gaisawa da hannu yanzu," ya ce. "Sabi'u, ɗana, ka zo? Na san kana nan lafiya. Ko jiya ma na gan ka."

Na dubi Rifkatu, ta kawar da kai.

Ya shige gaba muka bi shi. Ƙofar risafshan ta yi ƙara. Wari ya buge ni, na kashin jemage da tsohuwar takarda da ruwan da ya kwana a silin. Kalandar shekarar da aka rufe mu tana rataye. Kofin shayin Madam Ladi yana kan tebur, cokali a ciki. Na leƙa ɗakin haɗi ta gilashi, kwamfutoci a jere cikin leda, gara ta gina hanya a bango har sama. Ga tebur ɗina, ga injin da na bari a buɗe, ga sukundirebana mai jan ƙota yana kwance yadda na ajiye shi. Ban shiga na ɗauka ba. Na ji kamar na wani ne, wanda zai dawo ya tambaya.

Komai a wurin ya mutu, ban da abu ɗaya. A bango, ga 'yar fitilar na'urar tana ƙyaftawa. Ita kaɗai ce babu ƙura a kanta, gilashinta yana sheƙi. Na bi wayarta da ido har waje, sai ga tsofaffin batiran mota da na babur jibge a lungu. Ashe duk lokacin da batir ya gaji sai ya roƙi makanikan layin su ba shi wani, ya haɗa sabon kafin ya cire tsohon, yadda ya ga muna yi. Tun ranar da muka tafi ba ta taɓa mutuwa ba.

Ya zare safar a hankali. Yatsun suna maiƙo, man kaɗanya ya shafa musu. Ya goge ɗaya a riga ya ɗora. Kore. Muryar matar nan ta ce "tankiyu", ta amsa a cikin ginin da babu kowa, har jemagu suka motsa a sama. Muryar ba ta tsufa ba ko kaɗan.

Ya ɗaga ƙaramin yatsansa na hagu ya nuna mini, bai ɗora shi ba.

"Wannan Madam Ladi ne. Tukunya ya ƙone ni a nan, mashin ya ƙi shi. Na gwada, na gwada, ja. Sati bai cika ba aka zo aka ce mota ya kashe shi a gadar Karu." Ya nuna wani. "Wannan Bala direba. Fartanya ya cinye shi, lokacin ina noma a nan. Mashin ya ƙi. Bala ya kwanta asibiti bai tashi ba. Daga nan na bar noma. Ba na taɓa wuta, ba na taɓa fartanya, ba na wanki da omo. Saura na riƙe su da kyau."

Na ce, "Baba, rai da ajali ai a hannun Allah suke."

"Na sani," ya ce. "Ni ma ina zuwa coci. Amma Allah ya ba kowa gadinsa. Kun ba ni kanku da hannunku, ba wanda ya zo ya ce na karɓi nawa."

Ya ɗora manuninsa na hagu. Kore. Sunana ya fito a gilashin, ga ni a tsaye hannayena a aljihu. Kun san ni, ba ni da tsoron banza, na san fata ce ke tsufa, zanen yatsa ya goge, gilashi ya kasa karantawa, shi ke nan. Amma ganin sunanka ya iso wurin aiki ba tare da kai ba, a gidan da ya mutu, wani abu ne.

Sai ya ɗora babban yatsansa na dama. Kore. Sunan Injiniya Mustafa ya fito, matar ta yi godiya.

"Ka gani?" ya ce yana murmushi. "Oga Mustafa ƙarfi gare shi. Bai taɓa ba ni wahala ba, sau ɗaya yake shiga. In ka gan shi ka ce ina gaisuwa."

Ni na san inda Injiniya yake. Da hannuna na zuba masa ƙasa a Katsina, damina biyu kafin wannan rana. Labarin ne bai iso layin nan ba.

Ga maganar da za ta warware komai tana bakina. In na faɗa, ya gane cewa na'urar ba ta riƙe kowa, ya tattara kayansa mu tafi. Amma na dubi yatsun nan masu maiƙo, na dubi gonar da ya bari ta mutu, na dubi safar. Mutum ya yi shekaru yana hana kansa taɓa tukunya don mu, mu da ko leƙo shi ba mu yi ba, sai in zo da safe ɗaya in ce masa duk a banza ne? Kunya ta kama ni, da tausayi. Na haɗiye maganar. Na ce masa Injiniya zai ji gaisuwarsa.

Na gwada ta wata hanyar. Na ce masa na'urar tana ajiye yatsu a cikin ƙwaƙwalwarta, ko an kashe ta an kai ta Jikwoyi an kunna, kowa yana nan. Gaskiya ce tsantsa. Ya girgiza kai.

"In ya ƙi yatsa ɗaya, mutum ɗaya ya tafi. To in ya mutu gaba ɗaya fa? Ka taɓa gwadawa?"

"Ban taɓa ba, Baba."

"To ba a kanku za a gwada ba."

Rifkatu ta fara kuka tana cewa, "Ka ji ko? Haka yake yi." Na ce ta yi haƙuri. Na tambaye shi, in na cire ta daga bango fitilar nan ba ta ɗauke ba ko ƙyaftawar ido, har muka isa, zai bi mu? Ya dubi fitilar. Sannan ya ce in dai da idonsa zai riƙa kallon fitilar, zai bi.

To ku buɗe kunne, ga aikin. Cire inji yana raye ba a yin sa da gaggawa. Na koma shago na ɗauko ƙaramin batir mai cikakken caji, da mita, da guntayen waya, da ƙarfen dalma mai gas. Na kwance sukurorin, na ɗago ta daga bango kamar faɗin tafin hannu, Rifkatu ta riƙe. Wayar baya ta tsufa, robar tana marmashewa in ka taɓa, kuskure kaɗan wayoyi biyu su haɗu komai ya tafi. Na auna na tabbatar da wace ce mai wuta, na sake aunawa. Na fere kowace a tsakiya ba tare da na yanke ta ba, na ɗaura wayar sabon batir a jiki, na ɗiga dalma, na naɗe da salatif. Yanzu tana sha daga wuri biyu. Saura in datse tsohuwar. Na sa fulaya a kai, sai na tsaya na kasa datsewa. Ni da na yi wannan a manyan injinan ma'aikatu ina hira! Na ce wa kaina, Sabi'u, astagfirullah, roba ce da gilashi. Baba yana bayana yana addu'a da yarensu, ni ina bisimilla da nawa. Na datse. Fitilar ta ci gaba da ƙyaftawa.

A tasi, shi ya zauna a tsakiya, na'urar a cinyarsa, batirin a tawa, na dafe mahaɗar da yatsa. Direba ya yi ta kallonmu ta madubi, har ya kasa haƙuri ya tambaya ko na'urar asibiti ce. Rifkatu ta ce e. Daga nan ya riƙa kauce wa ramuka da kansa. Baba bai waiwayi ginin ba ko sau ɗaya, idonsa mai gani yana kan fitilar har muka sauka. Na kafa ta a bangon ɗakinsa daidai tsayin kafaɗarsa, na sa mata sola a rufin. A ƙarshen makon aka rushe ginin, da kwamfutocin da ba a kwashe ba da sukundirebana.

Ya yi kusan shekara a wurin 'yarsa. Ya yi ƙiba, jikoki suna hawa kansa. Gidan ba nisa da nawa, nakan biya in duba batirin, ya riƙa ba ni labarin waye ya shiga da sauƙi yau, waye ya ba shi wahala. Sai ciwo ya kwantar da shi, fatarsa ta yamutse. Wata Lahadi Rifkatu ta bugo mini waya ta ce Baba ya tafi.

Bayan an kai shi gida an binne, na je mata gaisuwa. Ta kai ni ɗakin. An naɗe katifar, safarsa tana kan taga, fitilar tana ƙyaftawa.

"Kwanakin ƙarshe duk sun ƙi shiga," ta ce. "Ɗaya bayan ɗaya. Ya yi kuka sosai, yana cewa ya kasa riƙe su. Guda ɗaya ne ya rage. Ko tsayuwa ba ya iya yi, sai mun ɗaga shi mun kai shi bango. Ranar da zai tafi ma sai da ya sa muka ɗaga shi."

Na ce, "Wanne ne?"

Ta ɗaga manuninta na hagu.

Nawa ke nan. Can ta ce ita ba za ta iya taɓa abin ba, kuma ba ta iya barci yana ƙyafta mata ido ta ƙasan ƙofa. In yi mata rai in kashe.

Na san abin da na sani. Na san Injiniya yana kabari sunansa yana fitowa kore. Na yi bisimilla, na zare wayar. Fitilar ta ɗauke. Ba abin da ya faru, kaji suna ta kiwo a tsakar gida, wani yana gwada janareto a maƙwabta.

Na yi mata sallama na fito. Ɗan acaɓan da ya kawo ni yana jira a bakin layi, ya tayar da babur ya ce, "Oga, mu je?" Na dubi babur ɗin, na dubi titin, tifofin yashi suna wucewa a guje. Na sallame shi na ce ya tafi abinsa. Ranar da ƙafa na taka har gida, ina bin gefen kwata.